Garin ya tashi, zumuncin ya ƙi tashi: abin da ke tara 'yan Newfoundland a baƙon wuri

Mutanen Kanada suna da wani tsohon barkwanci: wai birni na biyu mafi girma a lardin Newfoundland shi ne Fort McMurray. Abin dariyar shi ne Fort McMurray ko kusa ba ya cikin Newfoundland. Yana can arewacin lardin Alberta, tafiyar kusan kilomita 4,000 daga St. John's, hedikwatar lardin nasu. Uban da ke zaune a St. John's ya fi kusa da birnin Dublin na ƙasar Ailan a kan garin da ɗansa yake aiki, alhali ƙasarsu ɗaya. Amma wanda ya shiga Fort McMurray zai gane cewa ruwa ba ya tsami banza. Akwai kulob na 'yan Newfoundland, akwai kantuna masu sayar da naman gishiri a bokiti irin na gida, ga tuta mai launin ruwan hoda da fari da kore manne a bayan motocin a-kori-kura. Haka abin yake a Cambridge da Brampton na lardin Ontario, haka kuma ya taɓa kasancewa a Boston da Brooklyn ta Amurka.

Kowace al'umma da ta bar gida takan taru ta tuna gida, wannan ba sabon abu ba ne. Abin tambaya game da waɗannan mutane shi ne yadda lardin da jama'arsa ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba ya kafa irin wannan zumunci mai ƙarfi a wurare masu nisa haka, har ya zarce na lardunan da suka ninka shi yawa. Wanda ya leƙa zauren taronsu ya ga ana rawa da cin kabeji zai ce kewar gida ce kawai. A ganina kewar tana nan, amma ba ita ce ginshiƙin ba. Taron nan ya fara ne a matsayin hanyar neman aiki da rufin asiri, daga baya ya zama wurin da ake sake haɗa ƙauyukan da tattalin arziki ya wargaza.

Newfoundland tsibiri ne a gabashin Kanada, cikin tekun Atlantika, mai duwatsu da hazo da ƙasar da ba ta noma sosai. Abin da ya kawo Turawa wurin tun bayan zuwan John Cabot a 1497 abu ɗaya ne: kifin kod. Mafi yawan waɗanda suka zauna sun fito ne daga kudu maso yammacin Ingila da kudu maso gabashin Ailan, suka watsu a ɗaruruwan ƙananan ƙauyuka a bakin teku, kowanne a lungun da kwale-kwale zai iya fakewa. Masunci ya kama kifi, iyalinsa su feɗe su zuba gishiri su shanya, ɗan kasuwa ya karɓa ya biya shi da gari da shayi da kayan aiki a kan bashi. Shekarar da kifi ya yi ƙaranci ko farashi ya faɗi, babu wata sana'a ta biyu da za a jingina da ita. Sai tafiya.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 tafiyar ta zama al'ada. Wasu suka nufi Sydney da ke tsibirin Cape Breton na gabashin Kanada, inda ake haƙar kwal da narka ƙarfe. Da yawa suka nufi Boston da garuruwan da ke kewaye da ita, 'yan mata suna aikatau a gidajen masu hali, maza suna kafinta da aikin jirgin ruwa. Mutanen yankin Conception Bay kuwa suka yi suna a New York wajen haɗa ƙarafan dogayen benaye, domin wanda ya saba hawa itacen filafilan jirgi teku tana wujijjiga shi, tafiya a kan ƙarfe a sama ba za ta tsorata shi ba. Sana'ar ta bi jini, uba ya jawo ɗa, kawu ya jawo ɗan 'yar'uwarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma Amurka ta kafa sansanonin soja a Argentia da Stephenville da St. John's, 'yan matan garuruwan da dama suka auri sojoji suka bi su, suka watsu a jihohin Amurka.

A duk tsawon wannan lokaci Newfoundland ba Kanada ba ce. Ƙasa ce mai gwamnatinta da kuɗinta da kan sarkinta a ƙarƙashin rawanin Birtaniya. Bashi ne ya durƙusar da ita, har a 1934 ta miƙa mulkin kanta ga wani kwamiti da Landan ta naɗa. A 1948 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, masu son haɗewa da Kanada suka yi nasara da ƙyar, kashi 52 cikin ɗari da ɗoriya, ranar 31 ga Maris 1949 kuma aka shiga. Daga nan zuwa Toronto ya daina buƙatar takardar shige da fice, sai hanyar tafiya ta karkata daga Boston ta koma Ontario.

Labarin Bell Island ya fi kowanne nuna yadda kulob yake samuwa. Ƙaramin tsibiri ne kusa da St. John's, inda aka fara haƙar tama a 1895, ramukan suka yi nisa har ƙarƙashin teku. A farkon shekarun 1960 mazaunansa sun kai wajen 12,000. A 1966 aka rufe rami na ƙarshe, domin tamar wasu wurare ta fi arha da sauƙin sarrafawa. Yau ba su kai 3,000 ba. Sauran ba su watsu barkatai ba. Da yawansu sun bi sawun 'yan'uwa da suka riga su zuwa Galt, wani garin masana'antu a Ontario wanda aka haɗe shi da maƙwabtansa a 1973 aka kira shi Cambridge. Wanda ya samu aiki a masaƙa ko masana'antar ƙarfe sai ya yi wa ƙaninsa magana wajen shugaban aiki, ya ba shi kujerar falo ya kwana har ya karɓi albashin farko. Wannan ma ya jawo wani. Kafin a ankara, maƙwabtan da suka yi zaman layi ɗaya a Bell Island sun sake zama maƙwabta a Galt. Irin waɗannan mutane ba sa buƙatar a koya musu zumunci, wurin zama kawai suke nema. Kulob ɗin 'yan Newfoundland da ke Cambridge daga nan ya tsiro. Ana rawa a cikinsa, gaskiya ne, amma a nan ne kuma ake jin inda ake ɗaukar ma'aikata, da wanda yake da ɗakin haya, da wanda zai tuƙa mota zuwa gida da rani yana da gurbin mutum biyu. A nan ake haɗa kuɗi idan wani ya rasu ana so a kai gawarsa tsibiri.

Babbar girgizar ta zo a 1992. Tun shekarun 1950 manyan jiragen ƙasashen waje masu jan koma a ƙasan teku suke kwasar kifin, har a 1968 aka kama kimanin tan 810,000 na kod ɗin arewa a shekara guda. A 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 ta kori baƙi, sai nata jiragen suka ɗora daga inda aka tsaya. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kukan cewa kifi yana raguwa yana kuma ƙanƙancewa, ba a saurare su ba. Ranar 2 ga Yuli 1992 ministan kamun kifi na tarayya, John Crosbie, wanda shi kansa ɗan lardin ne, ya ba da sanarwar dakatar da kamun a wani otal a St. John's, fusatattun masunta suna dukan ƙofa daga waje. Kimanin mutum 30,000 suka rasa sana'a a tashi ɗaya. An ce dakatarwar ta shekara biyu ce. Sai da ta shekara 32.

Ƙidayar jama'a ta nuna abin da ya biyo baya: mutum 568,000 a 1991, kimanin 505,000 a 2006. Kuma ba tsofaffi ne suka tafi ba, masu jini a jika ne. Daidai wannan lokaci Alberta tana neman hannu ido rufe don haƙar yashin da ke ɗauke da ɗanyen mai a kewayen Fort McMurray. Da ma tun shekarun 1970 akwai 'yan Newfoundland a can, saboda haka igiyar tana nan, ja kawai aka yi.

To, me ake yi idan an taru? Abincin da ya fi kowanne tara su shi ne wanda suke kira Jiggs dinner, abincin ranar Lahadi. Tun daren jiya ake ciro naman shanu mai gishiri daga bokiti a jiƙa shi a ruwa don gishirin ya ragu. Da safe a ɗora babbar tukunya, a ƙulle fasasshen wake rawaya a cikin ɗan ƙyalle a rataya shi a bakin tukunyar ya dahu cikin romon, sannan a riƙa zuba karas da kabeji da dankali bi da bi, kowanne da lokacinsa. Ƙamshin kabejin ya cika zauren, tagogi su yi gumi. Akwai kuma busasshen kifi da ake haɗawa da wani burodi mai taurin dutse wanda sai ya kwana a ruwa, a barbaɗa soyayyen kitsen alade a kai. Akwai ƙullin burodi da ake soyawa a ci da baƙin ruwan rake mai kauri. Duk abincin talaka ne, na mutanen da ba su da firiji, jirgi kuma ba ya zuwa da hunturu. Jikokinsu da ke karɓar albashi mai tsoka a Alberta suna biyan kuɗi mai yawa a kawo musu biskit da burodin kamfanin Purity na St. John's, abin da kakanninsu suka ci don babu wani.

Amma kafin abinci akwai tambaya. Baƙon fuska ya shigo, ba a fara da tambayarsa aikin da yake yi. Ana tambayarsa ne shi ɗan wane gari ne, wa ya haife shi. Ya faɗi sunan ƙauye da sunan gidansu, nan take wata dattijuwa a tebur na gaba za ta juyo ta ce ai ta yi makaranta da gwaggonsa, ko mijinta ya yi su a jirgi ɗaya da kakansa. A tsibirin da sunayen iyali suke manne da ƙauyuka, minti biyar ya isa a gano inda mutum ya dosa. Da zarar an gano, ya zama na gida, kuma wanda ya zama na gida ana iya yi masa magana wajen aiki. Daga nan sai akodiyan da goge, sai waƙoƙin teku da kowa ya haddace, sai rawa. Lokacin Kirsimeti wasu kan farfaɗo da wani wasa mai kama da tashe, a rufe fuska da labule, a sa tufafi a birkice, a canza murya, a shiga wa mutane sai sun canki ko wane ne.

Dalilin da ya sa wannan zumunci ya fi na sauran lardunan kauri yana da rassa biyu, kuma dukansu suna da ɗaci. Na farko shi ne tunanin cewa su ƙasa ne da aka rasa. Har yau akwai tsofaffin da aka haifa ba 'yan Kanada ba. Ranar 1 ga Yuli, lokacin da sauran ƙasar ke bikin ranar Kanada da wasan wuta, ɗan Newfoundland yana fara safiyarsa da makoki, domin a wannan rana ce ta 1916, a Yaƙin Duniya na Farko, rundunarsu ta shiga yaƙi a Beaumont-Hamel na Faransa da sojoji kimanin 800, washegari 68 kawai suka amsa kiran suna. Mutumin da ke ɗauke da wannan a zuciyarsa, yana zaune a garin da babu wanda ya san labarin, dole ya nemi wanda ya sani.

Reshe na biyu raini ne. Ingilishin tsibirin yana da karinsa da kalmominsa, masu yawan da har aka wallafa musu ƙamus na musamman a 1982. Waɗanda suka isa Toronto a shekarun 1960 da 1970 sun tarar ana kwaikwayon maganarsu, ana ba da labaran barkwanci da ke nuna su a matsayin sakarkaru. Da yawa suka koyi lanƙwasa harshe a wurin aiki. Zauren kulob shi ne inda mutum zai saki bakinsa ya yi magana da saurin da uwarsa ta koya masa, ba wanda zai ce ya maimaita. Wanda bai taɓa ɓoye karin harshensa wuni guda ba zai yi wuya ya gane darajar wannan.

Wani abin lura shi ne ɗan Newfoundland ɗin da ake gani a waɗannan taruka, a waje aka ƙera shi. A gida mutum ɗan ƙauyensa ne kafin komai. Akwai tsohuwar tsama tsakanin 'yan birnin St. John's da mutanen gaɓa. Akwai rabuwar Katolika da Furotesta, wadda ta yi zurfin da sai a 1998 aka daina raba makarantun gwamnati bisa ɗariƙar coci. Yara biyu na iya tashi a gari guda ba su taɓa zama aji ɗaya ba. A Cambridge ko Fort McMurray duk wannan ya narke, domin Bakanaden da ke musu dariya bai san bambancin ba. Ko mujallar Downhome, wadda ta zama kamar wasiƙar gida ga mutanen lardin a ko'ina, a Brampton ta Ontario aka fara buga ta a 1988, daga baya ta koma St. John's. Sai dai hoton da aka ƙera ɗin yana da gefen da ya bari a waje. Hoton masunci ne farar fata mai akodiyan. Mutanen Labrador, wato ɓangaren lardin da ba a tsibirin yake ba, da 'yan asalin ƙasa irin su Innu da Inuit da Mi'kmaq, ba kasafai suke samun kujera a cikinsa ba, ballantana Beothuk, mutanen da Turawa suka tarar a tsibirin, waɗanda aka ƙarar da su tun farkon ƙarni na 19.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga wasu 'yan Newfoundland maganar ta wuce karin magana. Tsakanin 1954 da 1975 gwamnati ta biya mutane su tashi daga ƙananan ƙauyuka su koma manyan garuruwa, don ta huta da kai musu makaranta da asibiti da lantarki. Kimanin ƙauyuka 300 suka zama kufai, mutum kusan 30,000 suka tashi. Wasu sun ɗaura gangunan mai a jikin gidajensu na katako suka ja su a kan ruwa zuwa sabon wuri. Shi ya sa ake samun taron 'yan gari alhali garin babu shi. Zuri'ar mutanen Merasheen da ke Placentia Bay, alal misali, sukan yi jirgi su koma tsibirin su gyara maƙabarta, su nuna wa yara inda harsashin gidan kaka yake. Ga irin waɗannan, jerin sunaye da lambobin waya da wani ya adana shi ne garin gaba ɗaya. Kuma tashin bai ƙare ba: a ƙarshen 2019 mazauna Little Bay Islands suka karɓi kuɗin gwamnati suka kwashe, aka yanke wutar garin.

Gwamnatin lardin ta daɗe da gane cewa wannan kewa dukiya ce. A 1966, shekara guda bayan an kammala babbar hanyar da ta ratsa tsibirin, Firimiya Joey Smallwood ya ayyana shekarar dawowa gida, aka yi ta kiran waɗanda ke waje su zo su ga ci gaba. Shekarar nan ce kuma aka rufe ramin Bell Island, wato ana tarbar wasu da ganga, wasu suna ɗaure kaya. A 2022 gwamnatin Andrew Furey ta maimaita don farfaɗo da yawon buɗe ido bayan annobar korona. Garuruwa da yawa kuma suna shirya tasu shekarar, su sanar tun da wuri don mutane su daidaita hutunsu. Ba na ganin laifin wannan, zumunta ai a ƙafa take, kuma mai otal da mai shago suna samu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki mako biyu na biki a matsayin amsar tambayar da ta sa mutanen suka tafi. Mai walda da ya zo da iyalinsa a Yuli zai koma Alberta a Agusta, domin abin da ya kore shi yana nan. Haka kuma al'adar da ake sayarwa tana saurin zama wasan kwaikwayo. Shahararren bikin nan da ake sa baƙo ya sumbaci kifi ya kurɓi barasar rake ta Jamaika a ba shi takardar zama ɗan gari, masu mashaya ne suka fi cin moriyarsa, kuma akwai 'yan lardin da yawa da ke ganin barkwancin rainin nan ne aka sake yi, wannan karon da bakinsu.

Su kansu kulob-kulob ɗin zamani yana canza su. Tun shekarun 2000 tafiyar ta ɗauki salon ci-rani: mutum ya bar matarsa da yara a ƙauye, ya hau jirgin sama ya yi mako biyu ko uku a sansanin ma'aikata, ya dawo ya yi mako guda. Kuɗin Alberta ne ya gina sababbin gidaje da yawa a ƙauyukan da ba su da wata sana'a. Amma ɗan ci-rani ba ya shiga kwamitin kulob, ba ya dafa kabeji ranar Lahadi. Ya tashi aiki ya kira gida ta bidiyo, yana lissafin tazarar awa uku da rabi don kada yara su yi barci. Neman aiki da labarin rasuwa da cigiyar tsohon aboki, waɗanda da sai an je zaure, yanzu Facebook ya ɗauke su. Duk da haka igiyar takan nuna ƙarfinta idan ta ɓaci. A Mayu 2016, da wutar daji ta kori mutanen Fort McMurray kusan 88,000, a ƙauyukan Newfoundland an kwana ba barci kamar a can wutar take, aka yi ta haɗa gudummawa, wasu kuma gida suka nufa kai tsaye.

Matsalar da ta fi damun masu riƙe da waɗannan zauruka ita ce 'ya'ya. Yarinyar da aka haifa a Cambridge tana son abincin kakarta, ta san waƙoƙin, tana iya zuwa hutu sau ɗaya a 'yan shekaru. Amma ba a taɓa yi mata dariyar karin harshe ba, ba ta buƙatar kowa ya yi mata magana wajen aiki, abokanta na makaranta kuma iyayensu daga Indiya da Fotugal suka zo. Ƙungiyoyin Boston haka suka yi sanyi bayan sababbin zuwa sun daina isowa. Zauren yana cika ne muddin gida yana ci gaba da korar matasa, kuma yanzu matasan da za a kora sun yi ƙaranci: lardin ne ya fi kowanne tsufan jama'a a Kanada, har gwamnatinsa ta koma neman baƙi daga waje, daga 'yan gudun hijirar Yukiren da ta ɗauko da jirgin shata a 2022 zuwa ɗaliban Jami'ar Memorial ta lardin, ciki har da 'yan Najeriya. A Yunin 2024 aka sake buɗe kamun kod ɗin arewa, amma tan 18,000 kacal aka yarda a kama a shekarar. Wannan bai isa ya dawo da wanda ya sayi gida a Alberta, 'ya'yansa suna makaranta a can ba.